Sabunta fasfo: a daina sayar mana da haƙƙinmu sau biyu

Duk wanda ke da fasfo cikinku, kafin ya ci gaba da karatu ya tashi ya ɗauko shi daga ƙasan akwati, ya buɗe shafin da hotonsa yake, ya dubi ranar da aka rubuta zai ƙare aiki. Ka gani? To ka cire wata 6 daga wannan rana. Inda lissafin ya tsaya, nan fasfonka ke mutuwa a wurin yawancin ƙasashen da ɗan Nijar ke zuwa, ko da littafin na nan sabo fil kamar jiya aka miƙo maka shi.

Saudiyya ba ta ba ka bizar Hajji ko Umra sai fasfonka na da sauran wata 6 a gaba. Haka Dubai, haka Sin, haka Indiya da Masar, wato daidai wuraren da alhazanmu, ƴan kasuwar Maraɗi da marasa lafiyarmu suka fi nufa. Ƙasashen Turai na yankin Shengen su wata 3 suke nema bayan ranar da za ka baro su, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Kuma ba sai ka isa can za a tare ka ba. Tun a filin jirgin Diori Hamani ma'aikacin kamfanin jirgi zai duba kwamfuta ya ce maka ka yi haƙuri, domin in ya ɗauke ka aka maido ka, kamfaninsu ne zai biya tara. Ba ruwansa da gonar da ka sayar ka yanki tikiti.

Fasfonmu shekara 5 gare shi, wata 60 kenan. Cire 6, saura 54. Kashi ɗaya cikin goma na abin da ka biya ya tafi, tun ba a fara maganar kwanakin da za ka share kana jiran sabo ya fito ba. Kuma zamanin da ake buga hatimi a ƙara wa fasfo kwana ya wuce. Ranar ƙarewar tana cikin layukan nan biyu na ƙasan shafi waɗanda na'ura ke karantawa, ba a gyara su da bik. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta sa 24 ga Nuwamba 2015 a matsayin ranar da duk fasfon da na'ura ba ta iya karantawa zai fita daga hannun matafiya. Saboda haka abin da muke kira sabuntawa, a gaskiya sabon littafi ne ake yi maka tun daga farko, da sabon kuɗi.

Namu laifin sananne ne, ba zan daɗe a kansa ba. Ba mu tuna fasfo sai takardar burs ta fito ko likita ya ce a fitar da tsoho waje. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karɓi nasa a 2021, 2026 ce ƙarshensa, kuma in yana da hankali tun saura wata 9 zai fara haɗa takardu. In akwai biza mai rai cikin tsohon, ka roƙa a maido maka shi bayan an soke shi, kada ka bar shi can. Wannan duk namu ne, mu gyara.

Amma ko ka fafe gorarka da wuri, a ina za ka ɗebi ruwan? Nan maganar take.

Mu fara da dosiye. Mutum ya riƙe fasfon ƙasar nan shekara 5. Ƙasa ta ɗauki hotonsa, ta ɗauki zanen yatsunsa, ta buga sunansa cikin littafi mai tambarinta, ya kai shi ƙasashen duniya sun yarda. Ranar da ya dawo sabuntawa sai a karɓe shi kamar baƙon da ba a taɓa gani ba: kawo takardar haihuwa, kawo nasiyonalite, kawo katin ɗan ƙasa, kawo hotuna, a yi kwafi, a kai a buga hatimi, a sayi tambur. Ko wace takarda da gidanta. Ta haihuwa tana ma'aikatar magajin gari, nasiyonalite tana kotu, katin ɗan ƙasa yana komisariya. Gidajen nan uku duk na gwamnati ɗaya ne, amma ba su magana da juna, kai ne za ka zama ɗan aike tsakaninsu bisa kabu-kabu cikin ranar Afrilu. Tambayar da nake yi ita ce: in tsohon fasfon bai isa shaida cewa ni ɗan ƙasa ne ba, da wace hujja aka ba ni shi tun farko?

Sai kuma babbar rijiya, wadda ta fi cinye mutane: rubutun suna. Kusan kowane gida a ƙasar nan akwai wanda sunansa ya kasu uku. A takardar haihuwa Mahamadou, a takardar lakkal Mahaman, a katin ɗan ƙasa Mamane. Wannan Aboubacar ne a wuri ɗaya, Boubacar a wani. Waccan Zeinabou ce, wani magatakarda ya rubuta Zénabou. Ba mai sunan ya yi ba. Wani ma'aikaci ne shekara 25 da suka wuce ya rubuta abin da kunnensa ya ji, da haruffan Faransanci, iyaye kuwa ba su iya karantawa ba balle su ce a gyara. Ga kuma iyayenmu da aka rubuta wa "an haife shi wajajen shekara kaza", waɗanda kwamfuta ta mai da su duka ƴan 1 ga Janairu. A da, mutum ne ke duba takarda, ya kalle ka ya gane kai ne. Na'ura ba ta san haka ba. Harafi ɗaya ya bambanta, dosiye ya tsaya, sai an koma kotu an gyara, kuma sau da yawa kotun garin da aka haife ka. Ɗalibar da ke karatu a Yamai, aka haife ta a Tanut, ta samu gurbi a wata jami'a ta Maroko, ana jiran kwafin fasfonta cikin mako biyu: ku lissafa mata da kanku. Abin takaicin shi ne kuskuren nan ba yau aka yi shi ba, yana nan tun fasfon farko. Da za a faɗa wa mutum tun ranar da ya karɓa cewa ga inda takardunsa suka saɓa, yana da shekara 5 cur ya gyara cikin natsuwa.

Ga nisa. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, daga Damagaram kusan 900, daga Tawa sama da 500, Diffa kuwa ta haura 1,300. Ko an ɗauki hotonka da yatsunka a wani wuri kusa da kai, littafin kansa daga Yamai zai fito, kuma da zarar an samu tangarɗa, can za a ce ka bi sawu. Wanda ya taɓa tashi tun kafin asuba ya shiga motar kamfani, ya bi Tasawa, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ya san abin da hanyar nan ke ci a jiki da aljihu. Ka isa, ka sauka gidan ɗan uwa a Talaje ko Bukoki, kwana biyu ya zama goma, kana jin kunyar tuwon mutane. Mutumin Dakoro, na Magariya, na Buza, shi ko babban birnin jiharsa ma tafiya ce. Kuɗin fasfo na hukuma ya haura jikka 30, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi, SMIG, yake jikka 42 tun Janairun 2024. In ka ɗora kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, da kwanakin da shago ya yi a rufe, ɗan Yamai da ɗan Gure ba farashi ɗaya suke sayen littafin nan ba, alhali launinsa ɗaya.

Duk wannan da sauƙi in da mutum ya san ranar da zai karɓa. Abin da ya fi cin rai shi ne duhu. Ka ajiye dosiye, ka tambaya yaushe, a ce ka dinga leƙowa. Yau babu rezo, gobe kuran ya ɗauke, jibi an ce littattafan da ake bugawa sun ƙare. Wataƙila duk gaskiya ne. Ni ban ɗauki ma'aikatan da ke bayan tagar nan a matsayin abokan gaba ba, da yawansu ƴan uwanmu ne masu aiki da kayan da ba su isa ba, kuma su ke shan zagin da ya kamata ya tafi sama. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda babu wa'adi a rubuce, nan ɗan kamasho ke kafa teburinsa. Zai same ka a bakin ƙofa, ya ce yana da mutum a ciki, kawo kaza ka samu cikin kwana uku. Me yake sayar maka? Ba littafi ba, littafin ka riga ka biya, rasit na aljihunka. Yana sayar maka da wurin wani a layi. Kowane dosiye da ya tsallaka gaba, akwai wata tsohuwa mai niyyar Makka da aka tura baya. Wanda bai da kuɗin kamasho kuma sai ya koma ga tsohuwar hanyarmu da muka raɗa wa suna PAC, dangi da abokai da sanayya. Wanda bai da ko ɗaya, sai haƙuri, kuma haƙurin nan ba ya hana ranar jirgi zuwa.

Wannan shi ne biya sau biyu da nake nufi. Na farko a banki ko a taga, da rasit. Na biyu a inuwar bango, ba rasit.

Ƴan uwanmu da ke waje nasu ya fi namu zafi. A Saudiyya, takardar zama tana rataye ne da fasfo mai rai. Haka ɗalibi a Aljeriya ko Turkiyya, haka ma'aikaci a Turai. Fasfo ya mutu, takardar zama ta bi shi, mutum ya wayi gari cikin tsoron ɗan sanda a ƙasar da ya shiga ta ƙofa. Inda ofishin jakadanci bai da na'urar ɗaukar yatsa, ko dai ya jira tawaga ta zo daga gida, ko ya sayi tikitin jirgi don kawai a ɗauki hotonsa. Mutanen nan su ke turo kuɗin buhun hatsi lokacin bazara. Ba mu kyauta musu ba.

Me ya sa nake ta da maganar yanzu? Saboda lokacin ya bambanta da na baya. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar, Mali da Burkina Faso suka sanar da fitarsu daga CEDEAO. Ranar 29 ga Janairu 2025 fitar ta tabbata, kuma ita ce ranar da aka tsayar don fara aikin fasfon AES. Sanarwar da Janar Assimi Goita ya fitar da sunan ƙasashen uku ta ce tsoffin fasfo na nan da ƙarfinsu har ranar ƙarewarsu. Ita ma CEDEAO ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta, su bar mu muna shiga ba biza, har zuwa wata sanarwa. Ku riƙe wannan "har zuwa wata sanarwa". Tun yarjejeniyar 1979 muka saba ɗan Nijar ya shiga Najeriya, Gana ko Kodebuwa ya yi kwana 90 ba wanda ya tambaye shi biza, har muka manta cewa takarda ce aka sa wa hannu ta ba mu wannan. Mutanen Ɗan Issa da Jibiya, na Ƙonni da Illela, su ko tunanin fasfo ba su yi, kasuwa ɗaya suke ci, suna auren juna. Muna fata hakan ya ɗore. Amma in wata rana sharuɗɗan suka sake, wanda za a fara tambaya littafi shi ne mai kai albasar Galmi Kumasi da direban da ke ɗauke da ita, ba mai zuwa hutu Dubai ba.

Wannan ita ce amsata ga masu cewa fasfo matsalar masu hali ce, talaka na fama da abin da zai sa a tukunya. Ku je bakin ofishin ku ga su wa ke tsaye. Manomin da ya tara shekara goma don ya sauke farali. Yaron da uwarsa ke soya ƙosai, ya ci jarrabawa ya samu burs. Mai ciwon ƙoda. Masu hali ba su tsayuwa a rana, ana kai musu har gida.

Kuma tunda kowane fasfo na shekara 5 ne, cikin ƴan shekarun nan duk mai riƙe da tsoho dole ya bi layi ya karɓi sabo. Babu wanda zai tsallake. In za a gyara tsarin, yanzu ne, lokacin da ake sake littafin da na'urorin. A watan Yuni 2025 gwamnati ta sa hannu da wani kamfani na ƙasar Libiya kan yin sabon fasfo da katin ɗan ƙasa na zamani. Madalla. Amma zanen yatsun miliyoyin ƴan ƙasa ba ƙaramar dukiya ba ce. Muna da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, ya kamata mu ji daga bakinta inda za a ajiye bayanan nan da wanda ke riƙe da makullinsu. Ƴancin kai da muke rera wa waƙa a dandali, a irin wannan wurin ake gwada shi. In an sake tambarin bangon littafi amma tsohuwar nan ta Mayahi tana nan tana jiran wanda ya san wani, ita ba ta ga canji ba.

Na san za a ce tsaro. Ƙasa na cikin yaƙi, ba a ba kowa takarda ido rufe. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa nake cewa a rufe ƙofar baya. Wanda ke neman fasfo da mugun nufi ba ya tsoron tambur ko dogon layi, kuɗi gare shi, ɗan kamasho yake nema. Tsarin da kuɗi ke iya tsallakar da dosiye cikinsa shi ne haɗari ga tsaro. Zanen yatsan da ke cikin na'ura tun shekara 5 ya fi kwafin takarda mai hatimi wuyar ƙirƙira. A yi bincike mai tsanani ga mai nema karo na farko, mai sabuntawa kuma a gwada yatsansa da na da, in sun dace a sallame shi.

Kada kuma wani ya ɗauka alfarma muke roƙo. Sashe na 13 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ya ba kowa damar fita daga ƙasarsa ya kuma dawo. Sashe na 12 na yarjejeniyar 1966 kan haƙƙin jama'a da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ya maimaita haka, kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ita ya fayyace a 1999 cewa damar fita ta haɗa da damar samun takardar tafiya. Yarjejeniyar Afirka ta 1981 ita ma sashe na 12 ne. A cikin gida muna da dokar 23 ga Fabrairu 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar samun bayani daga ma'aikatun gwamnati. Ku lura, a zamanin mulkin soja na Salou Djibo aka yi ta, don haka ba wanda zai ce mana irin wannan magana ba ta dace da lokacin riƙon ƙwarya ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da muke nema daga ma'aikatar cikin gida bai kai gina gada tsada ba. A liƙa allo babba a ƙofar kowane wurin karɓar dosiye, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a karanta shi a rediyon gari: ga takardun da ake nema, ga kuɗin, ga kwanakin da za a ɗauka. Kwanakin su ne zuciyar maganar. Ko 15 ne ko 30, a faɗa, a rubuta a jikin rasit, in an wuce a gaya wa mutum dalili. Saƙon salula ya isa ya sanar da kai cewa littafinka ya fito, kamfanonin aika kuɗi kullum suna yi mana haka a kan jikka biyu. In akwai masu gaggawa ta gaskiya, marar lafiya ko ɗalibi mai wa'adi, a buɗe musu taga ta hukuma da farashi sananne, kuɗin ya shiga baitulmali a maimakon aljihun mai tsayuwa a bakin ƙofa. Kowane babban birnin jiha ya samu wurin da za a fara a kuma gama, ba tare da an taka Yamai ba, a riƙa kai na'ura manyan garuruwa kafin lokacin aikin Hajji, kada a bari sai alhazai sun taru a rana ɗaya su toshe layin kowa.

Sai maganar shekaru. Gana ta mai da fasfonta shekara 10 tun 2019, Najeriya ma a shekarar ta fito da mai shekara 10 ga wanda ya zaɓa ya biya. Yaro fuskarsa na sakewa, a bar shi a 5. Amma baligi mai shekara 40, me zai sake a yatsansa? Fasfon shekara 10 zai rage layin nan da rabi ba tare da an ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba, kuma wata 6 ɗin da ake yanke mana za su zama sau ɗaya cikin shekara goma. Tunda ƙasashe uku ne suka haɗu kan littafi ɗaya, wannan magana ce da Nijar za ta iya kaiwa teburin AES.

Mu kuma ga abin da za mu yi daga ɓangarenmu, don kada maganar ta tsaya a ƙorafin fada da shayi. Hukuma tana iya musanta jita-jita, amma kwanan wata yana da wuyar musu. Duk wanda ya ajiye dosiyen sabuntawa, ko ya rako wani nasa, ya rubuta abu huɗu: garin da ya ajiye, ranar da ya ajiye, ranar da ya karɓa, da abin da ya kashe, na rasit daban, wanda ba rasit daban. Wanda aka yi wa aiki da kyau cikin lokaci shi ma ya faɗa, muna son sanin inda abin ke tafiya daidai kamar yadda muke son sanin inda ya cije. Ku aiko mana ta saƙon sirri, za mu tara mu fitar da lissafin jiha jiha ba tare da sunan kowa ba. Ba mu son sunan ma'aikaci, ba farautar mutum muke ba. Kuma don Allah kada wanda ya turo hoton fasfonsa ko lambarsa, mu ma ba mu da hurumin riƙe su.